007 na Tudun Wadar Zariya

Bazazzage, gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga bawansa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da baƙin gilashin nan da aka ce ko da magariba ba ka cire shi.

Labari ya iso Kano cewa tun da ɗanka ya zuba maka finafinan James Bond a waya, majalisar ƙofar gidanku ba ta sake samun sakat ba. An ce yanzu ba ka zama sai ka jingina da bango kana fuskantar hanya, wai ɗan leƙen asiri ba ya ba ƙofa baya. An ce mai shayi ya tambaye ka ko a sa madara, ka tsaya kana ƙare masa kallo kamar shi ya sace sirrin nukiliya. Duk wannan bai dame ni ba, Bazazzage bai taɓa rasa abin yin iyayi a kansa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da aka ce ka yi, wai waɗannan finafinai ba wasa ba ne, haka manyan ƙasashe ke juya duniya, sai mai ilimi ke ganewa. To mai ilimi, gyara zama. Yau Bakano zai koya maka karatun fim, kuma kyauta, abin da kullum kuke cewa ba mu iya ba.

Fim ɗin leƙen asiri tatsuniya ce, sai dai Gizonta kwat yake sawa. Yadda kakarka ke cewa ga ta nan ga ta nanku, yara su amsa alhali sun riga sun san Gizo zai yi haɗama, ya shiga uku, ya fita da wayo, haka Bature ya tsara tasa. Tun fim na farko, Dr. No, a 1962, kusan kullum da abu ɗaya ake buɗewa: da'ira mai kama da cikin bakin bindiga, mutum ya ratso, ya juyo ya yi harbi, jini ya gangaro. Daga nan a nuna wata ɓarna da ba lalle ta shafi labarin ba, a yi waƙa, sannan a kira shi ofis. Sakatariya Moneypenny ta yi masa fari da ido, shugabansa M ya ɗaure fuska ya ba shi aiki, Q ya miƙa masa kayan aiki yana roƙon ya dawo da su lafiya, roƙon da har yau bai karɓu ba. Finafinai 25 kamfanin Eon ya yi daga 1962 zuwa 2021, mutum shida suka sa kwat ɗin, daga Sean Connery zuwa Daniel Craig, amma turbar ɗaya ce.

Tun da ku Zagezagi ba ku karɓar magana sai an jingina ta da farfesa, ga naku. Wani malami ɗan Italiya, Umberto Eco, ya zauna a tsakiyar shekarun 1960 ya feɗe littattafan Ian Fleming, mutumin da ya ƙirƙiro Bond, ya nuna cewa labarin taku tara ne ƙidayayyu: a ba da aiki, mugu ya bayyana, a yi karon farko, mace ta shigo, Bond ya janye ta, mugu ya kama shi, ya gana masa azaba, Bond ya gama da mugu, ya huta da macen daga baya ya rasa ta. Jerin kan sauya, takun suna nan. Yaran gidan kallo a Fagge sun gano wannan ba tare da digiri ba, suka dunƙule shi wuri ɗaya: akta ba ya mutuwa, bos ba ya kwana.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne sunan sana'ar. An ce mutum aikinsa ɓuya. Sai ya sauka gari da motar da babu irinta a ƙasar, ya kama ɗaki a otal mafi tsada, ya nufi gidan caca da farar kwat, ya zauna gaban mutumin da aka aiko shi ya bincika, a tambaye shi suna ya faɗi na gaskiya, har sau biyu don kada a manta. Masu sayar da giya na nahiya uku sun san yadda yake so a haɗa masa tasa. Wasu likitoci a Ingila sun bi littattafan suna ƙirga abin da ya kwankwaɗa, suka buga a mujallar likitoci ta BMJ a ƙarshen 2013: awo 92 a mako, fiye da ninki huɗu na iyakar da ake gindaya wa namiji a lokacin. Suka ce mai irin wannan sha hannunsa rawa zai riƙa yi, ina maganar saita bindiga. Shi Fleming ya san abin da yake yi. Ya yi aiki a sashen leƙen asiri na sojan ruwan Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya san yadda aikin yake da gundura, shi ya sa da ya zauna a gidansa na Jamaika yana rubuta Casino Royale, wanda ya fito a 1953, ya zuba masa gishiri son ransa. Sunan ma daga bangon littafin wani Ba'amurke masanin tsuntsaye ya ɗauko shi. A 2016 shugaban hukumar leƙen asirin Birtaniya ta MI6 na lokacin, Alex Younger, ya fito fili ya ce Bond ba zai tsallake tantancewar ɗaukar aiki a wurinsu ba. In shi bai ci ba, ina kai da ko kuɗin adashin Hajiya aka ba ka ajiya sai unguwa ta ji?

Wanda ya yi aikin da gaske a MI5 da MI6, David Cornwell, mai rubutu da sunan John le Carré, da ya tashi zana ɗan leƙen asiri sai ya kawo George Smiley: gajere, mai tumbi, da tabarau mai kauri, kaya ba sa zama masa, yana yini cikin tsofaffin fayiloli, matarsa ma ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. In kana neman wanda kuka yi kama a sana'ar nan, ga shi. Amma na san ba za ka kai ƙarshen Tinker Tailor Soldier Spy na 2011 ba, don babu motar da ta tashi sama.

Sai Q, mai ɗakin ƙere-ƙere. Desmond Llewelyn ya riƙe wannan kujera a finafinai 17, daga 1963 zuwa 1999, kuma da wuya ka ga ya ba Bond abin da ba zai buƙata ba. In ya ba shi mota mai kujerar da ke cilla fasinja ta rufi, kamar Aston Martin ɗin Goldfinger na 1964, to ka sa ido, nan gaba kaɗan wani zai zauna a kujerar da bindiga a hannu. In ya ba shi biro mai fashewa idan an danna sau uku, kamar a GoldenEye na 1995, to cikin yaran bos akwai wanda Allah ya jarabce shi da danna biro in yana tunani. Q bai san gaibu ba, ƙarshen labarin ya karanta kafin Bond ya tashi. Har yau ba a yi ranar da Bond ya faɗa teku ya laluba aljihu ya tarar abin kashe gobara aka ba shi ba.

Amma gwarzon tatsuniyar a wurina bos ne, kuma ina zargin akwai jinin Zazzau a jikinsa, domin surutu ne ke kashe shi. Dubi Auric Goldfinger. Mutum ya tara zinariya, ya shirya dabarar da ko ni Bakano sai da na jinjina mata. Ba zai saci zinariyar Amurka da ke Fort Knox ba, don lodinta kaɗai sai an yi kwanaki. Bam mai gubar nukiliya zai tayar a cikin ma'ajiyar, zinariyar ta gurɓace shekara 58 ba mai iya taɓa ta, tasa da ke waje ta ninka daraja sau goma. Wannan ɗan kasuwa ne na gaske. To ya kama Bond, ya ɗaure shi a kan tebur, ya kunna wata wuta mai yanka ƙarfe tana tahowa sannu a hankali tsakanin ƙafafunsa. Harsashi ɗaya ya isa, ya kuma fi araha. Ina! Bond ya ambaci sunan shirin, wanda ya tsinta a laɓe bai ma san ma'anarsa ba, bos ya kashe wutar, ya sa shi a jirgi, ya kai shi gonar dawakinsa a Kentucky, ya ba shi masauki. Bai tsaya nan ba. Ya tara manyan 'yan daban Amurka a falo, ya danna maɓalli ƙasa ta buɗe, ga siffar Fort Knox da gine-ginenta da hanyoyinta, ya ɗauki sanda ya yi musu lacca tiryan-tiryan, Bond na ƙarƙashi yana rubutawa. Da ya gama, sai ya sa aka rufe ƙofofi aka kashe su da iskar guba. To don Allah wa aka yi wa laccar? Mu aka yi wa, mu 'yan kallo, saboda marubuci ba shi da wata hanyar sanar da mu abin da ake ƙullawa. Kai kuma kana zaune kana gyaɗa kai, wai kana nazarin siyasar duniya.

Haka suke dukansu. A Live and Let Die na 1973 an kai Bond tsakiyar tafkin kadoji an ajiye a kan ɗan tsibiri, sannan kowa ya juya ya koma bakin aikinsa, ba wanda ya ce bari in tsaya in ga yadda za ta kaya. Blofeld mai shafa farar kyanwa ya fi ƙwarewa wajen kashe yaransa da suka yi kuskure, har tafkin kifaye masu cin mutum gare shi a ofis, amma in Bond ya zo hannu sai hira ta tashi. Abin ya yi yawa har Turawan da kansu suka mai da shi abin dariya. A Austin Powers na 1997 ɗan bos ya ce wa ubansa yana da bindiga a ɗaki, a harbe mutumin nan yanzu a huta, uban ya dube shi da takaici ya ce bai fahimci yadda ake yi ba. Yaron ya fi uban hankali, sai dai da an bi shawararsa da fim ya ƙare tun ba a je ko'ina ba, an mayar wa mutane kuɗinsu.

Ni kuwa lissafi ne ke hana ni sakat. A You Only Live Twice na 1967 Blofeld ya ƙwaƙule cikin dutse mai aman wuta a Japan, ya gina tashar harba roka da ɗan layin dogo da rufi mai zugewa, ba wanda ya sani. Wa ya kawo siminti? Wa ya yi dakon rodi? Leburori nawa aka ɗauka, kuma a cikinsu ba wanda ya koma gida ya tsegunta wa matarsa? Masu fim ɗin kansu, da Ken Adam ya gina musu kwaikwayon wurin a Pinewood kusa da Landan, sai da ya ci kimanin dala miliyan ɗaya, kwatankwacin abin da aka kashe a Dr. No ɗungurungum, kuma daga nesa ake hango shi. Ga yara ɗaruruwa cikin inifom iri ɗaya, wani tela ya sha kwangila. A ba su manyan bindigogi, su ashirin su buɗe wa mutum ɗaya wuta a fili, su sami bango, su sami gilashi, su sami tukunyar fure. Shi ya juyo da 'yar ƙaramar Walther PPK, harbi ɗaya gawa ɗaya. In faɗan hannu ne kuwa sai su yi layi, kowa ya jira a gama da ɗan'uwansa tukuna. Irin wannan ladabi na bin layi, in kun taɓa ganinsa a Kwangila ka faɗa min.

Kuma don kada ka wahala wajen gane mugu, sai a yi masa alama. Dr. No hannayen ƙarfe, Largo ido ɗaya a rufe, Blofeld tabo ya ratsa ido, Jaws haƙoran ƙarfe, Le Chiffre yana hawayen jini. Wannan ɗabi'a ba ta da kyau in ka zauna ka yi tunani, tana koya wa yara cewa mai tabo a fuska abin gudu ne, shi ya sa a 2018 cibiyar finafinai ta Birtaniya, BFI, ta ce ta daina sa kuɗinta a fim ɗin da ya mai da tabo alamar mugunta. Wanda zai cuce ka da gaske fuskarsa sumul take zuwa, da murmushi da doguwar gaisuwa, irin ta Bazazzagen da ya zo rance.

Bam mai agogo kuwa, ban ga dalilin da zai sa mai haɗa shi ya manna masa manyan lambobi ba, sai in tausayin wanda zai zo kwancewa yake ji. Ba ya kuma tsayawa ana saura minti goma. A Goldfinger an tsayar da shi lambobin na nuna 007, kuma ga abin da na san ba ka lura ba don kana can kana tafi: ba Bond ne ya kashe shi ba. Yana tsaye yana zufa, ya rasa wayar da zai tsinka, wani ƙwararre ya zo ya ture hannunsa ya latsa makunni, shi ke nan. Gwanin naka ya kwashe rabin fim a tsare. Matar da ke tuƙa jirgin bos ce ta sauya shawara ta tona asiri, sojoji suka yi aikin, shi ya tafi da suna.

Abin da ake kashe juna a kansa ma ba kowa ya damu da shi ba. Alfred Hitchcock, wanda ya shimfiɗa da yawa daga waɗannan ƙa'idoji tun The 39 Steps na 1935 da North by Northwest na 1959, yana kiransa MacGuffin, wato abin da mutanen cikin fim ke mutuwa a kansa, 'yan kallo kuwa ko oho. A From Russia with Love na'urar warware saƙon sirri ce. A Mission: Impossible na 1996 jerin sunayen jami'an ɓoye ne. A Skyfall na 2012 an sake sace wani jerin, ka rasa wane mai hankali ne ke tara sunayen 'yan leƙen asiri a faifai ɗaya ya bar shi yana yawo a Istanbul. A Mission: Impossible na uku, 2006, sun daina wahalar da kansu, suka kira abin ƙafar zomo, aka yi ta gudu daga Berlin zuwa Rum zuwa Shanghai, fim ya ƙare ba a gaya mana ko mene ne ba. Sai bayan shekara 19, a fim na takwas, suka waiwayo suka ɗinka masa ma'ana. An ce kai tun kafin nan ka yi wa majalisa bayaninsa na rabin awa.

Shi Ethan Hunt na Tom Cruise, aktan Mission: Impossible, tasa jarabawar daban ce. Saƙon aiki ya zo, ya ƙone kansa bayan daƙiƙa biyar kamar yadda ake yi tun shirin talabijin na 1966, wani ya yaye fuskar roba ya zama wani, sannan hukumarsa ta juya masa baya ta sa a kamo shi. Ya ceci duniya, a ba shi haƙuri, fim na gaba a maimaita. Ma'aikacin da ya san ciwon kansa da tuni ya karɓi fansho ya buɗe shago. A nan kaɗai zan ba ka rabin maki, domin maganar maci amana a cikin gida tana da tushe. Kim Philby ya kai ga shugabantar sashen MI6 mai yaƙi da leƙen asirin Tarayyar Sobiyet alhali tun shekarun 1930 Mosko yake yi wa aiki. An zarge shi, ministan harkokin waje Harold Macmillan ya wanke shi a majalisa a 1955, sai a Janairun 1963 ya sulale daga Beirut. Ba tabo, ba kyanwa, ba dutse mai aman wuta. Ɗan babban gida ne mai daɗin baki da ya yi karatu a Cambridge, wato mai ilimi irinku.

Maganar mata, ina ba ka shawara ka rage murya in Hajiya na kusa. Roald Dahl, wanda ya rubuta You Only Live Twice, ya ce masu fim ƙa'ida suka ba shi: mata uku, ta farko mai goyon bayan Bond ta mutu da wuri, ta biyu ta ɓangaren mugu ita ma ta bi ta a tsakiya, ta uku ta kai ƙarshe. Fim na gaba ko sunanta ba a tunawa. Sau ɗaya Bond ya yi aure na gaske, a fim ɗin 1969 da George Lazenby ya fito, aka harbe amaryar a mota ranar ɗaurin auren, domin tatsuniyar ba ta da wurin ajiye mai kai cefane gida.

Mutum ɗaya nake tausayi a kowane fim, mai kayan marmari a bakin titi. Bawan Allah ya tashi da asuba ya jera lemo da kankana, motoci biyu su zo su yi fatali da jarinsa, ba wanda ya waiwayo balle diyya. A Skyfall har babura aka hau da su rufin babbar kasuwar Istanbul. A GoldenEye tankar yaƙi Bond ya ɗauka ya ratsa tsakiyar St. Petersburg, yana gyara wuyan riga. Wannan shi ne aikin sirri. Da suka leƙo Afirka a Casino Royale na 2006, aka rubuta Madagaska a allo, aka nuna taro ana caca a kan faɗan gamsheƙa da tunku, alhali a Bahamas aka ɗauki hoton, sannan Bond ya kutsa ofishin jakadancin wata ƙasa wai ita Nambutu ya tarwatsa shi. Kai mai ilimi, ɗauko taswira ka nemo min Nambutu. Kuma duk inda ya sauka ya iya yaren wurin, har an taɓa gyara masa gira da gashi wai ya zama masunci ɗan Japan. Quentin Tarantino ya fi su gaskiya a Inglourious Basterds na 2009, inda hafsan Ingila da ya yi shigar Bajamushe ya tonu saboda yadda ya ɗaga yatsu uku yana neman kofi uku. Kai in aka aiko ka Kano a ɓoye ko yatsa ba sai ka ɗaga ba. Da ka buɗe baki ka ce matana ya tafi kasuwa an kama ka.

In ilimin gaske kake so, ba sai ka je wurin Fleming ba, a gidanku yake. Marigayi Umaru Dikko, Allah ya jiƙansa, naku ne, ministan sufuri a gwamnatin Shagari, wanda ya koma Landan bayan juyin mulkin ƙarshen 1983. Ranar 5 ga Yuli, 1984, wasu mutane suka cafke shi a ƙofar gidansa a unguwar Bayswater, suka jefa shi a mota, aka yi masa allurar barci, aka sa shi a akwatin katako tare da wani likita ɗan Isra'ila da zai riƙa lura da numfashinsa. Wasu mutum biyu suka shiga akwati na biyu. Aka nufi filin jirgin Stansted, inda jirgin dakon kaya na Nigeria Airways ke jiran tashi zuwa Legas. Shiri ya yi shiri, ko Blofeld sai haka. Me ya ɓata shi? Sakatariyarsa ta hango abin da ya faru ta kira 'yan sanda, aka sanar da tashoshin fita. Akwatunan kuma ba a yi musu alama da takardun jakar diflomasiyya yadda doka ta tanada ba, wanda da an yi ba mai ikon buɗe su. Wani jami'in kwastan, Charles Morrow, ya ƙi sakin kayan, aka buɗe, aka tarar da mutum a sume. Mutum huɗu aka ɗaure, Isra'ilawa uku da ɗan Najeriya ɗaya, shekara 10 zuwa 14. Gwamnatocin Najeriya da Isra'ila ba su taɓa amsa cewa da hannunsu ba, dangantakar Najeriya da Birtaniya kuma ta yi tsami na tsawon shekara biyu. Ka duba da kyau: ba tseren mota, ba agogo mai ƙirga daƙiƙa, ba bos mai lacca. Sakatariya da wayar tarho da takardar da ba a cika ba, su suka yi aikin da Bond ke rushe gari a kansa.

Kada ka ce na hana ka kallo. Ni ma ina kallo, ina kuma jin daɗi, domin akwai gaskiya ɗaya a cikin finafinan nan, ita ce ta masu sai da rai a gaban kyamara. Kadojin Live and Let Die na gaske ne, mai gonar, Ross Kananga, shi ya taka bayansu, sai a gwaji na biyar ya tsallake. Wanda ya faɗo daga ƙololuwar dutse a farkon The Spy Who Loved Me na 1977 ya buɗe laima mai tutar Birtaniya, Rick Sylvester ne, daga dutsen Asgard a Kanada ya diro da gaske. Motar da ta wuntsila sau bakwai a Casino Royale da mutum a ciki. Tom Cruise ya rataya a jikin Burj Khalifa na Dubai mai tsawon mita 828, ya maƙale a ƙofar jirgin soja yana tashi, ya karya idon sawu a Landan a 2017 yana tsallake gini, kuma hoton karayar aka bari a fim. Waɗannan a yi musu tafi. Sauran kuwa ƙa'idojin tatsuniya ne, kuma daɗinta ma shi ne ka san abin da zai zo ka zauna jiran ganin ta ina za a ɓullo da shi a wannan karon.

Na san abin da za ka kawo min: ai a No Time to Die na 2021 akta ya mutu, makamai masu linzami sun sauka a kansa. Haka ne. Da ka yi haƙuri rubutun ƙarshe ya gama wucewa maimakon ka tashi neman mai sauraron sharhinka, da ka ga an rubuta cewa James Bond zai dawo. Kamfanin Amazon ya sayi kamfanin fim na MGM a 2022 a kan dala biliyan 8.45, a 2025 ya karɓi ragamar finafinan daga iyalan Broccoli, aka ba Denis Villeneuve aikin ba da umarni. Ba wanda ke zuba irin wannan kuɗi a kan gawa. Ina roƙonka don Allah kada ka aika musu hotonka, mutuncin Arewa ne a hannunka. In kuma ka ji zafi, fili a buɗe yake, aiko da amsa mako mai zuwa, amma a taƙaice, kada ka yi mana irin ta Goldfinger.